Yadda ake tayar da IL-2 Sturmovik: 1946 a kwamfutar zamani, har a yi wasa da abokai ta intanet

IL-2 Sturmovik: 1946 wasan tuƙa jiragen yaƙin duniya na biyu ne, wanda kamfanin 1C: Maddox Games na Rasha ya yi ƙarƙashin Oleg Maddox, Ubisoft kuma ya fitar da shi a ƙarshen 2006. Ya haɗa wasan farko na 2001 da Forgotten Battles na 2003 da Pacific Fighters na 2004 wuri guda, da jirage sama da 200 da mutum zai shiga ya tuƙa, tun daga fagen daga na Rasha har tekun Fasifik. Kada a rikita shi da Cliffs of Dover ko Battle of Stalingrad. Suna ɗaya suke ɗauke da shi, amma injinsu daban ne, kuma babu abin da ke cikin wannan bayani da zai yi musu aiki.

A zamanin Windows XP aka rubuta wasan, lokacin da allo bai yi faɗi ba, furosesa kuma kai ɗaya gare shi. Duk da haka yana tashi lafiya a Windows 10 da 11, har a laftof ɗin da ba za ta iya ɗaukar wasannin yanzu ba. Yawancin abin da ke hana shi aiki bai wuce wurin da aka ajiye shi ba, da sigar da yake kai, da layuka kaɗan a cikin fayil ɗin conf.ini. A wasan intanet kuma sai a ƙara da tambaya guda: wa ake iya samu a adireshinsa?

Inda za a ajiye shi

Hanya mafi sauƙi ita ce saye daga GOG ko Steam. Na GOG ba shi da wani kulle, kuma duka biyun sun raba ka da neman faifan DVD. Ko daga ina ka samo shi, kada ka bar shi a cikin Program Files. Windows ba ya barin tsofaffin manhajoji su yi rubutu a can. Abin da yake yi shi ne ya karkatar da rubutun a ɓoye zuwa wata folda mai suna VirtualStore da ke cikin AppData\Local na mai amfani da kwamfutar. Sai ka gyara conf.ini ɗin da kake gani, wasan kuwa yana karanta wani kwafi da ba ka san da shi ba, ka yi ta sauya lambobi babu abin da ya motsa.

Ka buɗe folda kamar C:\Games\IL2 ka girka shi a ciki. In ka riga ka girka a Program Files, ba sai ka sake ba. Wasan bai dogara da rajistar Windows ba, don haka kwafe foldar gaba ɗaya zuwa sabon wuri ya isa, sai ka yi gajeriyar hanya zuwa il2fb.exe. Wannan ne fayil ɗin da ke tayar da wasan. Masu na Steam su ma su kwafe foldar waje kafin su taɓa komai, domin duk ranar da Steam ya duba fayiloli ya ga an sauya su, zai mayar da nasa a kan naka.

Tun kafin ka sauya harafi ɗaya, ka yi wa foldar kwafi na biyu ka ajiye gefe, kada ka taɓa shi. Gigabait kaɗan zai ci. Duk abin da ya lalace nan gaba, daga wannan kwafin za ka sake farawa cikin minti biyar.

Faci, ɗaya bayan ɗaya

Wasan da ke kan faifai siga ta 4.07m ce. Daga 4.09m zuwa sama, wata ƙungiyar masu sa-kai da ake kira Team Daidalos ce ta ci gaba da gyara shi da izinin masu shi. Idan wasan yana lodi, sigar tana bayyana a kusurwar ƙasa ta allo. Ka karanta ta ka rubuta, domin na GOG da na Steam sukan zo da wasu facin a jikinsu, kuma daga inda suka tsaya za ka ɗora.

Kowane faci a kan na bayansa yake zama, kamar jerin bulo, ba a tsallake layi. Tsarin shi ne 4.08m, 4.09m, 4.10m, 4.10.1m, 4.11m, 4.11.1m, 4.12m, 4.12.1m, 4.12.2m, sannan 4.13m da ƙananan facinta har 4.13.4m, sai 4.14m, 4.14.1m, 4.15m, 4.15.1m. Shafin Mission4Today ya daɗe yana ajiye su. Ana zuba kowanne a cikin babbar foldar wasan, inda il2fb.exe yake, a yarda ya maye gurbin fayilolin da ya tarar. Kuskuren da aka fi yi shi ne manhajar facin ta nuna tsohuwar hanya ta Program Files, mutum ya danna gaba bai duba ba, ko kuma a warware fayilolin su faɗa cikin wata ƙaramar folda ta kansu. Maganin duka biyun ɗaya ne: bayan kowane faci ka tayar da wasan, ka ga lambar siga ta sauya, ka tashi jirgi guda a Quick Mission Builder, kafin ka ɗora na gaba.

Ba dole ne ka kai ƙarshen jerin ba. Sigar da za ka tsaya a kai ita ce wadda abokan wasanka suke kai, domin 4.13.4m ba ta shiga saba (kwamfutar da ke karɓar masu wasa ta intanet) da ke kan 4.12.2m, haka ma duk siga biyu ko da lamba ɗaya ce ta raba su. Amma kada ka tsaya ƙasa da 4.12: a 4.11 aka kawo bin motsin kai ta fuska shida, a 4.12 kuma aka gyara zancen allo mai faɗi. Tunda folda ce kawai, mutum na iya ajiye siga biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, kowace da sunanta.

Hoto da conf.ini

Ka fara da il2setup.exe, sau ɗaya. Ka zaɓi OpenGL, ka zaɓi kowane girman allo da ya ba ka, ka rufe. Daga nan sai Notepad. Fayil ɗin conf.ini an raba shi sashe-sashe, kowane sashe da sunansa a sama. A sashen window, ga abin da ya dace da allon 1920 da 1080:

width=1920
height=1080
ColourBits=32
DepthBits=24
StencilBits=8
ChangeScreenRes=1
FullScreen=1
DrawIfNotFocused=1
SaveAspect=0
WideScreenFoV=1

Idan SaveAspect yana kan 1, wasan zai matse hoton ya zama 4:3 da baƙin shafi hagu da dama. Da 0 sai ya cika allo. A sigogin da suka gabaci 4.12, cika allon yana yanke sama da ƙasa, har wasu agogunan jirgin su ɓace. Layin WideScreenFoV ne ya magance haka. Shi kuwa DrawIfNotFocused=1 amfaninsa a wasan intanet yake: in ka leƙa wata manhaja da Alt da Tab, wasan zai ci gaba da gudana, saba ba za ta ɗauka ka daskare ba. In fita da dawowar tana kashe wasan, ka mayar da FullScreen da ChangeScreenRes zuwa 0, ka bar faɗi da tsawo daidai da na allonka.

Bayan wannan gyara kada ka sake buɗe il2setup.exe ka danna amincewa, domin bai san girman allon zamani ba, zai rubuta nasa a kan naka. Wasu na kulle conf.ini ya zama na karantawa kawai. Hakan na hana wannan ɓarnar, amma yana hana wasan ajiye saitin joyistik da na sauti ma. Ajiye kwafin conf.ini mai kyau a gefe ya fi.

Idan hoton ya fito da girma har rabinsa ya fita daga allo, ko linzami yana danna wani wuri ba inda kibiyarsa take ba, laifin na ƙara girman rubutu ne da Windows ke yi, musamman a laftof da aka sa a kashi 125 ko 150. Ka danna il2fb.exe da maɓallin dama, ka shiga Properties, sannan Compatibility, sannan Change high DPI settings, ka kunna Override ka zaɓi Application. A wannan shafin dai ka sa alama a Disable fullscreen optimizations. Kibiyar linzami in ta ɓace ko tana jan ƙafa, ka sauya mouseUse=2 zuwa 1 a sashen rts, sai wasan ya ari kibiyar Windows.

Laftof mai katin hoto biyu tana da nata tarkon. Windows yakan ɗauki tsohon wasa a matsayin ƙaramin aiki ya miƙa shi ga katin Intel na cikin furosesa, babban katin yana zaune. Ka je Settings, System, Display, Graphics, ka ƙara il2fb.exe, ka ba shi High performance. Ka kuma haɗa ta da caja lokacin wasa.

Zancen OpenGL da DirectX yana da muhimmanci. Mafi kyawun hoto, wanda wasan ke kira Perfect, a OpenGL kaɗai yake. A sashen GLPROVIDER layin zai zama GL=Opengl32.dll, a sashen Render_OpenGL kuma HardwareShaders=1 ne ke kunna shi. Layin Water yana tafiya daga 0 zuwa 4, amma 3 da 4 an yi su ne don katin Nvidia. Mai katin AMD ko Intel ya tsaya a 2 ko ƙasa, ya kuma mayar da duk layin TexFlags da ya ƙare da NV zuwa 0. Teku ya yi fari fat, ko ƙasa ta fito da zane-zane, ko wasan ya mutu da zarar an shiga taswira, duk alamun wannan rashin jituwa ne. Ka fara da Water=0 da HardwareShaders=0, in ya zauna sai ka riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya. In OpenGL ya ƙi gaba ɗaya, kamar yadda yakan yi a wasu katunan Intel, ka sa GL=dx8wrap.dll. Za ka rasa kyan ruwa, amma jirage da yaƙi suna nan yadda suke, kuma lambobin da za su yi aiki a lokacin su ne na sashen Render_DirectX.

Santsin gefen hoto da daidaita shi da bugun allo ba a cikin wasan ake sa su ba, a manhajar direban katin ake buɗe wa il2fb.exe saitinsa. Sannan akwai abin da sabon shiga ba ya tsammani: jirgin da ke nesa ɗigo kaɗan wasan ke zana shi da su, don haka a allon 4K ɗigon kan yi ƙanƙanta har maƙiyi ya iso ba ka gan shi ba. Wanda zai yi faɗa da mutane ya fi samun amfanin 1920 da 1080.

Don auna gudu, danna Shift da Tab ya buɗe akwatin umarni, ka rubuta fps START SHOW. Akwai wani hoton yaƙi da ya zo da wasan mai suna The Black Death a ƙarƙashin Play Track. Da shi aka saba gwaji, domin kullum abu ɗaya yake nunawa. Ka sauya layi guda, ka sake kunna shi, ka kwatanta.

Furosesa, sauti da joyistik

Kusan duk aikin wasan a kan kai ɗaya na furosesa yake gudana, don haka kawuna goma sha shida ba su ƙara masa komai. A sashen rts akwai ProcessAffinityMask, wanda yawanci yake da alamar ; a gabansa, ma'ana a kashe yake. In hoto yana tsinkewa lokaci-lokaci ba dalili, ka cire alamar ka ba shi lamba. Lissafin ninki ne: 1 kai na farko, 2 na biyu, 4 na uku, 8 na huɗu, kuma ana haɗa su, wato 3 na farko da na biyu, 15 duka huɗun. Lamba 2 ko 4 tana raba wasan da kan farko inda Windows ke yawan hidimarsa. In ba ka ga tsinkewa ba, ka bar layin yadda yake.

Sauti bai cika ba da wahala ba. Tun daga Windows Vista aka cire hanyar da tsofaffin wasanni ke bi su miƙa sauti kai tsaye ga katin sauti, don haka SoundFlags.hardware=0 ne daidai a sashen sound. Abin sauraro na USB a haɗa shi kafin a tayar da wasan. Intro=0 a sashen game yana tsallake hoton buɗewa.

Da madannai kaɗai ana iya tashi, amma ba a iya harbi da kyau. Joyistik mai murɗawa don jelar jirgi da maƙurar mai ya wadatar. Ka danna Windows da R ka rubuta joy.cpl ka tabbatar Windows na ganin kowane motsi kafin ka zargi wasan. A cikin wasan, ƙarshen jerin Controls akwai sashen HOTAS, can ake ɗaura kowace sanda a kan aikinta. Na'urori huɗu na farko kaɗai wasan ke gani, kuma da lambar da Windows ya ba su yake gane su. In ka cire joyistik ka mayar a wata kafar USB, lambar na iya sauyawa, sai ka tarar feda tana aikin maƙura. Ka riƙa amfani da kafa ɗaya, ka cire abin wasan hannu da ba ka buƙata. Maɓallan da ka tsara suna cikin settings.ini a foldar matuƙinka ƙarƙashin Users, kuma ya cancanci kwafi kamar conf.ini.

In jirgi yana fizgewa ya kife da ɗan ja kaɗan, ka duba Input a Hardware Setup. Maki goma ne ga kowace sanda. Jeri mai hawa a hankali yana tausasa tsakiya don saiti, amma yana sa ƙarshen ja ya zo da ƙarfi. Guntun joyistik na tebur ya fi son jeri mai hawa, dogo kuma ya fi son 100 duka. Don waiwaye, trackIRUse=1 a sashen rts yana karɓar TrackIR, na'urar da ke bin motsin kai, yana kuma karɓar OpenTrack, manhajar kyauta da ke bin kai da kyamarar laftof.

Idan ya mutu yana lodi

A sashen Console ka sa LOG=1, LOGTIME=1, LOGFILE=log.lst, LOGKEEP=0. Bayan wasan ya rufe kansa sai ka buɗe log.lst ka karanta layukan ƙarshe. Yawancin ƙwaƙwalwar wasan da tsohuwar Java aka rubuta ta, kuma yana ɗauke da tasa a cikin foldarsa. Sauke sabuwar Java ba ya gyara komai. Mutuwa tun farkon lodi a wasan da ba a yi wa ƙari ba galibi faci ne da aka tsallake ko direban hoto. A wasan da aka sa wa mod, wato ƙarin jirage da kaya da masu wasa suka ƙirƙira, tsayawa a kashi 60 yakan nuna jirgin da aka rubuta sunansa amma fayilolinsa ba su cika ba, kashi 70 kuma kayan ƙasa da jiragen ruwa. OutOfMemoryError yana nufin wurin da aka ware wa Java ya cika. Wasan mai bit 32 ne, ba ya cin gajiyar gigabait 16 ɗin kwamfutarka, sai dai a ƙara masa rabo da IL-2 Selector da ke zuwa da manyan tarin mod.

Su waɗannan tarin kowanne da sigar da aka gina shi a kai. BAT da HSFX 7 a kan 4.12.2m suke, kuma BAT kaɗai gomman gigabait ne. A kwafi daban ake sa su, bayan wasan asali ya zauna daram.

Wasan mutum da mutum

Wasan yana magana ta UDP a ƙofa mai lamba 21000, da adireshin IPv4. Mutum ɗaya ne mai masauki, sauran baƙi ne da ke zuwa adireshinsa. Baƙo ba ya buƙatar buɗe komai, ko da datar waya yake amfani, domin shi ne ke fita nema. Duk wahalar tana kan mai masauki. Shekaru da dama a HyperLobby 'yan wasan suka riƙa haɗuwa, wata manhaja da ake nuna wa inda il2fb.exe yake ta tayar da wasan da adireshin saba. Amma shiga da adireshi kai tsaye bai dogara da kowa ba, shi ya kamata a fara iyawa.

Ka fara gwaji a gida, kwamfuta biyu a rauta ɗaya. Mai masauki ya buɗe cmd ya rubuta ipconfig ya ɗauki adireshinsa, misali 192.168.1.20. Ya shiga Multiplay ya buɗe sabuwar saba, ya zaɓi dogfight, ya loda taswira. Baƙo ya rubuta 192.168.1.20:21000 ya shiga. In wannan bai yi ba, katangar tsaron Windows ce. Ka rubuta wf.msc, ka shiga Inbound Rules, New Rule, Port, UDP, 21000, Allow, ka sa alama a Private da Public duka. Kada ka kashe katangar gaba ɗaya saboda ƙofa guda.

A sashen NET na conf.ini, localPort da remotePort su zama 21000. Layin localHost a bar shi babu komai sai da dalili. In an taɓa rubuta adireshi a wurin, rauta kuma ta sauya wa kwamfutar adireshi, wasan zai yi ta neman wanda babu shi, ba zai buɗe saba ba, ba zai shiga ta wani ba. In mutum biyu a gida ɗaya suna son shiga saba ɗaya ta waje kuma ɗaya yana korar ɗaya, na biyun ya mayar da localPort ɗinsa 21001.

Don baƙi daga waje su iso, sai rauta ta san inda za ta kai su. A shafin saitinta ka ɗaure wa kwamfutar mai masauki adireshi guda da ba ya sauyawa, sannan a Port Forwarding ka tura UDP 21000 zuwa wannan adireshin. Abin da za ka ba abokai shi ne adireshinka na waje, ba mai 192.168 ba. Shafukan da ke duba ko ƙofa a buɗe take yawanci TCP suke gwadawa, za su ce a rufe take ko da komai daidai ne. Gwada adireshinka na waje daga cikin gidanka ma rauta da yawa ba su yarda da shi. Gwaji na gaskiya shi ne aboki daga wani layi ya shigo.

Kafin ka ɓata lokaci a kan rauta, ka duba abu ɗaya. Ka kwatanta adireshin WAN da rautar ke nunawa da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka. In sun bambanta, musamman in na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin da ke ba ka intanet ya haɗa ku da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Haka kusan duk layukan waya da MiFi suke, haka ma Starlink na gida. Tunda da irin waɗannan layukan akasarin masu karanta wannan ke shiga intanet, a ɗauka cewa wannan ne halin da ake ciki har sai an ga akasin haka. A nan tura ƙofa ba ta da amfani, domin ƙofar da ke rufe tana hannun kamfani.

Mafita ita ce a haɗa kwamfutocin su zama kamar suna rauta ɗaya, da manhaja irin ZeroTier ko Tailscale ko Radmin VPN. A Radmin mutum ɗaya ya buɗe rukuni da suna da kalmar sirri, kowa ya shiga ya samu adireshi mai farawa da 26. A ZeroTier lamba ce mai harafi 16 ake rabawa, mai rukunin kuma ya amince da kowane mai shiga. Baƙi sai su rubuta adireshin da manhajar ta ba mai masauki, da :21000 a ƙarshe. Nan ne localHost ke da amfani: in wasan ya kama katin Wi-Fi ya ƙi na manhajar, mai masauki ya rubuta adireshin manhajar a wurin, ya kuma tuna ya goge shi bayan an tashi. Windows yakan ɗauki irin wannan haɗi a matsayin Public, shi ya sa dokar katanga ta haɗa da shi tun farko.

Ka auna jinkirin layi da umarnin ping kafin a shiga wasa. Wani lokaci manhajar ba ta samun hanya kai tsaye tsakanin layukan waya biyu, sai ta bi ta wata tasha mai nisa, jinkiri ya ninka. Umarnin tailscale status ko zerotier-cli peers yana nuna ko kai tsaye ne ko ta tasha. Ping ƙasa da milisakan 150 ana faɗa lafiya. Abin da ya fi ɓata wasa ma ba girman lambar ba ne, hawa da saukarta ne, shi ke sa jirgi ya riƙa tsalle a gabanka. Mai masauki ya zama wanda layinsa ya fi tsayuwa, da waya tsakanin kwamfuta da rauta in da hali, rautar kuma tana kan batir ko inbata, domin wutarsa in ta ɗauke kowa ya faɗo.

Layin speed a sashen NET iyakar bait ne a daƙiƙa: 10000, ko 25000, ko 100000 na cikin gida. A 25000, ko da wasan ya cika ma'aunin, megabait 90 ne a awa ta hanya ɗaya, a 10000 kuma 36. Mai baƙi takwas a 25000 yana buƙatar turawa har megabit 1.6 a daƙiƙa. Sa 100000 a layin waya ba ya ƙara gudu, cunkoso yake jawowa. SkinDownload=0 yana hana sauke fentin jiragen wasu, wanda kowanne kusan megabait ɗaya ne kuma shi ke kawo tsaiko duk lokacin da sabon mutum ya shigo.

Saƙon da ke cewa an gano maguɗi, sannan a kori mutum, galibi jinkirin layi ne. Sashen MaxLag na mai masauki ke hukunta shi: nearMaxLagTime daƙiƙun da ake haƙuri da shirun jirgin da ke kusa da wani, farMaxLagTime na wanda ke nesa, cheaterWarningNum kuma yawan gargaɗi kafin kora. Tsakanin abokai a sa shi -1, ba za a kori kowa ba. In an ƙi ka tun a bakin ƙofa alhali ping yana tafiya, ka duba siga da mod, sannan checkRuntime na mai masauki, wanda in yana kan 2 yake ƙin duk wanda fayilolinsa suka saɓa da nasa.

Rukunin da ya girma yana iya hayar ƙaramar kwamfuta a intanet mai adireshinta na waje, ya ɗora mata sabar wasan ta musamman, il2server.exe. Daban ake sauke ta, facinta ma daban, kuma dole ta kai siga ɗaya da ta 'yan wasa. Ba ta buƙatar katin hoto. Saitinta yana confs.ini, taswirar da za ta loda kuma a server.cmd ake rubuta ta. Dogfight take ɗauka, inda kowa ke shiga ya fita lokacin da ya so.

Coop kuwa, inda ake tashi tare a aiki ɗaya, mai masauki ne ke buɗe shi daga cikin wasansa, fayilolinsa kuma suna Missions\Net\coop. Mai masauki ne ke zaɓar matakin wahala ga kowa, don haka a yi shawara tun farko kan alamun jirage, kallon waje, da sarrafa inji da hannu. Kowa ya shigo, ya zaɓi jirgi da makamai da yawan mai, ya danna Fly. Mai masauki ne zai danna na ƙarshe, bayan ya ji ta Discord ko TeamSpeak cewa kowa ya shirya, domin da zarar aikin ya fara, wanda ya makara ko layinsa ya yanke sai dai ya jira zagaye na gaba.